Goyon Siniya

Asabar, bayan la'asar

Yaya Musbahu ya ba ni wanga karras, littafin rubutu, da biro. Ya ce tunda bakina ya ƙi magana, in bar hannu shi yi. Aji uku na yi a makaranta, in akwai kuskure a yi haƙuri. Ba ma wanda zai gani.

Sunana Muhsina. Yau kwana tara da barin kambonmu, zangon masu aikin gona, na Jazira, kwana biyu a Mai Wurno. Ɗibar auduga muke ranar da yaƙi ya iso mana. Buhun da ke ɗaure a ƙuguna shi kaɗai na fito da shi, sai zanen jikina, sai yarinyar. Maigidana ya ce mu yi gaba, shina tafe da awaki. Bai iso ba tukuna.

Yarinyar watanta takwas. Ɗiyar fari ce, don haka ba ni faɗin sunanta, ba ni yi mata wasa gaban mutane. Haka anka koya mini. Cinyarta ta hagu a karye take. Wanga shi ne karo na uku.

A makarantar Sinnar inda anka zuba mu, wata sista ta ɗaure cinyar, ta buɗe idon yarinyar ta daɗe tana kallo. Ta ce in hau motar hafila zuwa Mai Wurno in tambayi gidan Hannatu mai siniya. Siniya faranti ce, sai na ɗauka mai sayar da abinci ce.

Lahadi, da hantsi

Inna Hannatu ba ta tambaye ni komi ba ranar da na zo. Ta kai yarinyar bakin rakuba, rumfar tsakar gida, inda haske yake, ta duba idonta, ta kira ɗanta, Yaya Musbahu, ta ce shi ma shi zo shi gani. Farin idon yarinyar shuɗi ne, kamar ruwan bula. Na daɗe da sani, na ɗauka kyau ne. Nasa ma haka yake.

Yaya Musbahu shekararsa ashirin da tara. In shina zaune bai wuce ƙuguna ba. Ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar lauje, ƙirjinsa ya turo, amma gemu gare shi da murya irin ta mai kiran salla. Keken katako gare shi mai taya huɗu, shina tura kansa da itace biyu. Gyaran talafon yake yi a ƙofar gida, mutane har layi suke.

Da ya ga idon yarinyar sai ya ce, “To, an kawo mini ƙanwa. Sannu da zuwa gidan gilas.”

Inna ta ce haka wani likita a Madani ya kira ciwon tun dauri, ƙashin gilas. Ba maita ba ne, ba baki ba ne, da shi ake haihuwar mutum. Na ce maganin fa? Ta ce maganin hannu ne. Ban gane ba.

Litinin, bayan azahar

An hana ni goyo. Inna ta karɓe majanyina ta rataye a ƙusa can sama.

Ta ciro wata tsohuwar siniya daga ƙarƙashin gadon angarib, irin babbar da ake kai wa maza abinci, baki duk ya lotse. An huda ta wuri huɗu an sa igiya ta ratayawa a wuya. Ta ce a cikinta Yaya Musbahu ya yi shekara uku. Da ita take zuwa suk cefane, da ita take zuwa gona, da ita ta je mustashfa wurin likita sau ba adadi. Maza in sun hango ta sai su fara wanke hannu, suna cewa ga Hannatu ta kawo kalaci.

Yaya Musbahu ya ce shi ya sa har yau duk wanda ya gan shi sai yunwa ta kama shi.

Na yi dariya. Ban sani ba ta fito.

Amma mace da ɗiya ba goyo? Bayana sai sanyi yake ji. Ina ta kai hannu in gyara abin da babu.

Talata, da safe

Shabakar talafon ba ta zo ba, ba labarin maigidana. Bai iso ba tukuna.

Laraba, bayan la'asar

Yau na yi amfani. Inna na neman abin shimfiɗa wa siniya, katifarta ta tsufa ta yi gudaji. Sai na kwance buhuna. Audugar da na ɗiba da safen ranar gudu tana ciki, ta kai rabi, fara sol, irin mai dogon zare. Inna ta danna da tafin hannu ta ce wagga ko ɗiyar sarki sai haka, amma sai an cire gurya ɗaya bayan ɗaya, don ƙwaya guda in ta danne haƙarƙari ta isa. Wanga aiki na iya shi tun ina ƙarama. Na zauna na yi ta cira har hannuna ya yi tsami, ban ko kai kwata ba.

Ga abin da ta koya mini, na rubuta don kar in manta. Ba a ɗaga ta ta hammata. Ba a kama ƙafa a ɗaga in za a wanke mata gindi, mirgina ta ake. Hannu ɗaya ƙarƙashin kai da kafaɗa, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, yatsu a buɗe kamar mai ɗaukar wainar kisra mai zafi. Riga mai faɗin wuya, a saka hannu ta cikin hannun rigar a tarbo nata, ba a ja. Ba a kai ta wurin basir mai ɗori, don shi ja ya sani.

Na ce ai ba zan iya riƙe duk wanga ba. Ta ce ita ma ba a rana ɗaya ta sani ba, kowane ɗaya da ƙashin da ta saye shi da shi.

Alhamis, da hantsi

Abin da ke ba ni mamaki a gidan nan. Yaya Musbahu ɗan fari ne. Amma Inna sai ta tsaya tsakar gida ta ƙwala, Musbahu, ka sha shayinka? Sunan ƙarara, har maƙwabta na ji. Jiya ma na ga ta shafa masa kai gaban masu gyaran talafon. Ni ce na ji kunya a madadinta.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Direban hafilar Abu Na'ama ya kawo saƙo. Iya, uwar maigidana, tana can gidan ɗiyarta Khadijat, sun isa lafiya ta wata hanya. Alhamdu lillahi. Ta ce ta ji labarin cinyar. Ta ce Juma'a ta sama ba wagga mai zuwa ba tana tafe ta ɗauki jikarta. Khadijat na shayarwa, za ta haɗa da nata. Dama ɗiyar fari ta kaka ce, yaye kawai ake jira, to ba za ta jira ba tunda hannuna ba shi da albarka.

Gaskiya ne ɗiyar fari ta kaka ce. Ni ma kakata ta raine ni.

Iya ta goyi 'ya'ya tara da jikoki ban san nawa ba. Goyonta ko a kan jaki ba ya motsi, don tamke shi take da kyau. Daga nan zuwa Abu Na'ama hanya duk rami ce.

Asabar, da safe

Ban ci komi ba. Inna ta lura.

Lahadi, bayan azahar

Yau anka sa yarinyar cikin ruwa. Inna ta ce kumburin ya sauka, za a iya in an bi a hankali. Ta ɗumama ruwa a babban baho, ta tallafe ta, ƙafar mai lafiya tana ta wutsil-wutsil. Ta ce ruwa shi ne wurin da ƙashin irin su ke hutawa, nama kuma shi yi ƙarfi. Yaya Musbahu tun shina shekara biyar take kai shi gaɓar kogi inda ba zurfi, mutane na cewa ta haukace. Yau in ya shiga kogin samari ba su kamo shi.

Na tambaye shi ko shina jin tsoro. Ya ce da, har atishawa yake tsoro. Ya ce ya karye ya fi sau sittin, Inna ta daina ƙirga a arba'in, amma tun da gemu ya fito abin ya ragu, yanzu sai shekara ta zagayo bai ji ƙas ba. Ya yi makaranta har aji takwas, a gaban aji anka aje masa tabarma, yaro duk wanda ya yi gudu kusa da shi malam ya zane shi. Ya ce shi ya sa ya yi abokai da yawa, kowa na lallaɓa shi.

Na ce to ita za ta girma ke nan? Ya ce, “'Yar kambo, dube ni da kyau. Ba tsawo na yi miki alkawari ba, girma na ce.”

Litinin, bayan magariba

Na kai ta bakin titi a siniya, karo na farko. Igiya na ci mini wuya. Wata mata ta leƙo ta ce nawa nawa. Yarinyar na kwance tana kallon sama, ta ga tsuntsaye ta yi ta miƙa hannu. A goyo bayana kawai take gani.

Bai iso ba tukuna.

Laraba, da la'asar

Na yi abin kunya yau, ko in ce kunya ta sa na yi.

Maƙwabciya Zahra'u ta shigo da jabanar kofi ita da baƙinta mata uku. Inna ta tafi suk. Ɗaya daga cikin baƙin, babbar mace, ta ga yarinyar a siniya ta ce wai wa ya aje ɗiya kamar tuwo, ta duƙa ta zura hannu ƙarƙashin hammatarta. Ina zaune nan kusa, taki biyu. Na san abin da zai faru. Bakina ya ƙi buɗewa. Ta girme ni, kuma ɗiyar fari ce, in na yi magana za a ce ga marar kunya tana rawar kai a kan ɗiyarta. Sai na sunkuyar da kai.

Yaya Musbahu ne ya daka tsawa daga ƙofa. Matar ta saki. Garin juyo kekensa da sauri tayar ta hau dutse, ya bugu da ƙyaure. Na ji ƙarar. Na san irin ƙarar.

Yatsunsa biyu na hannun dama ne sunka karye. Da su yake riƙe ƙaramin sukurdireba.

Alhamis, da safe

Inna ba ta yi mini magana ba tun jiya. Ta ɗaure masa yatsun da kwali da audugata. Shi sai barkwanci yake, wai ya samu hutun da ya daɗe shina nema, wai masu talafon su je su yi hira da matansu baki da baki.

Juma'a

Saura mako ɗaya.

Asabar, bayan azahar

Inna ta kira ni bayan ɗaki inda take tankaɗe. Ta ce in zauna. Ta ce ba don yatsun take fushi ba, yatsu za su ɗinke kafin wata. Ta ce ita ma haka take da, har ta fi ni. Uwar mijinta na ɗaga Musbahu ta hammata tana cilla shi sama, ita tana kallon ƙasa. Ta ce kunya ta ci mata ƙashi huɗu kafin ta gane. Ranar na huɗun ta tashi gaban surukai da baƙi ta kira sunansa ta ce a ba ta ɗanta. An yi shekara ana zaginta a unguwa. Ta ce zagin bai karya ko farce ba.

Sai ta ce in faɗa mata yadda karayar yarinyar ta ukun ta faru.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko a nan na yi ta kewaye shi. To bari in rubuta.

Na farko hannun dama ne, tana kwana goma sha biyu, bayan wanka, lokacin miƙar da gaɓoɓi. Ba ni ke wankan ba. Na biyu ni ce, na ɗaga ta ta hammata. Na uku a bakin tur'a ne, babbar hanyar ruwan da ke bayan kambo. Ana ta gudu, ƙarar bindiga na matsowa. Goyon ya sassauta, na tsaya na ja majanyi da ƙarfina duka na ƙulle. Na ji ƙas a bayana kamar karan dawa. Ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba. Ban kwance ba. Na yi ta gudu da ita haka har ƙauye na gaba, rana ta kusa faɗuwa.

Inna ta aje rariya. Ta ce da na tsaya kwancewa, da yau wa ke cikin siniyarta? Ta ce ita da hannunta ta karya Musbahu sau bakwai, duk tana yi masa gata. Ta ce uwar irin su ba wadda ba ta karya ba ce, wadda ta koya ce.

Na yi kuka har garin da take tankaɗewa ya jiƙe a gefe. Ta ce yau tuwon asida da gishirinsa zai zo.

Litinin, da hantsi

Na ce wa Inna in Iya ta zo ita ta yi mata bayani, tunda sa'arta ce. Ta ce a'a. Ta ce za ta ba ta shayi, za ta ba ta wurin zama, amma ɗiya ba tata ba ce. In ta yi mini magana yau, gobe a Abu Na'ama wa zai yi?

Na je bayan gida ina gwadawa a kan akuyar Zahra'u. Iya ki yi haƙuri. Iya don Allah. Akuya ma ban iya haɗa ido da ita ba.

Talata, bayan la'asar

Shabaka ta zo na ɗan lokaci. Yaya Musbahu ya sa na riƙe masa talafon shina danna da hagu. Wani ɗan kambonmu da ke Sinnar ya ce an ga maigidana kwana biyar da sunka wuce, da ƙafarsa, ba awaki. Ba awaki ba komi. Da ƙafarsa.

Yarinyar ta kama yatsana yau ta kai baki. Haƙori na tafe.

Alhamis, da magariba

Gobe. Guryar ma ban gama cirewa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Ta zo da hantsi. Ta rame, zanenta ɗaya ne tun na ranar. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Inna ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo shayi, sunka yi gaisuwar manya, wa ya fita, wa ba a ji ɗuriyarsa ba. Na faɗa mata an ga ɗanta. Ta rufe fuska da gyale ta daɗe.

Da ta sha shayi ta ce hafila ba ta jira. Ta dubi siniya ta ce wanga wane irin wulaƙanci ne, jikarta a faranti. Ta miƙe ta kwance majanyinta daga ƙugu ta karkaɗe. Inna na zaune tana kallon kofinta. Yaya Musbahu na bakin ƙofa, ya juya baya, na ga da gangan ne.

Ta duƙa. Hannunta ya nufi hammata.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na riƙe wuyan hannun Iya. Ni, na riƙe hannun uwar mijina.

Na ce, “Iya, kar ki ɗaga Huda. Huda ba a goya ta. Ɗiyata ce, ni na san yadda ake ɗaukarta.”

Iya ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta ce ashe gudun ya tafi da kunyata. Na ce e, Iya. Ban saki ba. Na faɗa mata na bakin tur'a, duka, har yadda ban kwance ba. Na ce majanyi ne, kuma nata ya fi nawa tamkewa.

Sai Yaya Musbahu ya turo kekensa har gaban tabarma. Ya gaishe ta da ladabi, ya naɗe wandonsa ya ce ta taɓa, ba ya cizo. Ta ɗora hannu a ƙaurinsa tana bin wuraren da ya ɗinke, gudaji gudaji kamar igiyar da anka ƙuƙƙulla. Ya ce ta dubi idonsa, sa'an nan ta dubi na jikarta. Ta duba. Ta sake dubawa. Ta tambaye shi shekarunsa, ya faɗa, ya ƙara da cewa mata yake nema in tana da wata jikar babba.

Ba ta yi dariya ba. Ta koma ta zauna a hankali. Can ta ce, ba ni take kallo ba, “Wancan na farko. Na bayan wanka. Ni ce ke wankan.”

Inna ce ta ƙara wa Iya shayi, ta kira ta da sunanta ta ce, “Ruqaya, ni bakwai gare ni. Sha kafin shi huce.”

Direba ya yi ta hon a bakin titi har ya gaji ya tafi.

Asabar, da hantsi

Iya ta kwana. Ba ta yi mini magana ba har yanzu, gaisuwa ma da kai take amsawa. Ban sani ba ko za ta yafe riƙon hannun. Ba ta ce ta fasa ba, amma majanyinta na rataye a ƙusa ɗaya da nawa, kuma ba ni na rataye ba.

Da na fito daga wanka na same ta a rakuba ta jawo buhuna gabanta. Tana cire gurya. Ta fi ni sauri nesa ba kusa ba, ko kallon hannunta ba ta yi. Ta tara ƙwayoyin a gefen zane. In ta gama dunƙule ɗaya sai ta danna shi a kumatunta ta ji ko da saura.

Ta ce wa Inna, ba ni ba, wai a nuna mata yadda ake buɗe yatsun.

Inna ta ce ai ga mai ɗiyar nan, ita za ta nuna.

Bari in aje biro. Huda ta farka.